Kafin Su Zama Mushe

Da safe Salamatu ta buɗe akurki ta tarar da kajinta uku a sandare, wasu kuma sun yi laƙwas, zankonsu ya koma shuɗi, majina na zuba daga baki. Kajin nan su ne duk abin da ta mallaka a Garwa, tana ji da su kamar 'ya'ya. Ta fasa kafso a ruwa ta ɗura musu, ba su ko ɗaga kai ba.

Maƙwabcinsu Édouard ya leƙo ta kan katanga. "Madam, kada ku taɓa su. Wannan ya yi kama da murar tsuntsaye. A kira veterinar."

Salamatu ta san idan likitan dabbobi ya zo, har masu lafiyar zai hallaka. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta juya ga mijinta Mahfuzu, wanda mahauci ne.

"Malam, maza kawo wuƙa kafin su zama mushe."

Ya yanka waɗanda ke da sauran numfashi. 'Yarsu Rukayya, mai shekara goma sha biyu, ita ta zauna ta fige su, ƙurar gashin na tashi a fuskarta, tana goge hanci da bayan hannu. Ranar gidan ya ci nama har aka miƙa wa maƙwabta.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da Rukayya. Aka ce cizon sauro ne, aka ba ta magani. Tari ya biyo baya, sannan numfashinta ya fara sarƙewa. Da Salamatu ta ga leɓen yarinyar ya yi shuɗi irin na zankon kajin nan, sai ta ƙwala wa Mahfuzu kira. Suka ruga asibiti.

Likita Geneviève ta tsaya nesa da su, fuskarta a rufe da takunkumi. Salamatu ta tambaye ta: "Dokta, duk mun ci naman. Me ya sa ita kaɗai?"

"Wuta ta kashe ƙwayar cutar a naman, Mama. Ita kuwa shaƙa ta yi wajen figa. Ƙwayar tana da inda take maƙalewa a jikin tsuntsu, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Mutum ma yana da irin wurin, can ƙasan huhu. Idan ta isa nan, har ƙwayoyin da ke tsaron jiki takan shiga ta ruɗa su. Sai su yi ta faɗa ba ji ba gani, huhun ya kumbura ya cika da ruwa. Da kun zo da wuri, akwai maganin da ke taimakawa."

Ba a bar Salamatu ta riƙe hannun 'yarta ba. Ta bayan gilashi ta kalli ƙirjin yarinyar yana ɗagawa da ƙyar, har ya daina.

Washegarin jana'iza ma'aikata masu fararen kaya suka ƙone sauran kajin da Salamatu ta ƙi rabuwa da su. Tana tsaye tana kallon hayaƙin, sai ta ji Mahfuzu ya yi tari a ɗaki. Ya sake yi. Ta ruga ɗakin.

Jama'a, kazar da ciwo ya kayar ba ta yanka ba ce. Kada a taɓa, kada a fige, a sanar da likitan dabbobi. Wanda ya taɓa ta ya ji zazzaɓi, ya tafi asibiti a ranar, ya kuma faɗi abin da ya taɓa.