Allon Saitin Kyamara

Motar kaya ta dawo cike kamar yadda ta fita. Masu saye sun ce duk sandunan ƙarfen da masana'antar ta aika musu sun yi tsawo, ko ɗaya bai shiga gurbinsa ba.

Ran Manaja ya ɓaci matuƙa. Shi ya kawo kyamarori biyun da ke auna tsawo da faɗi da kaurin kowane ƙarfe, kuma su suka ce kayan daidai suke. Kwanakin baya da kyamarorin suka fara cewa sandunan sun gaza, shi da kansa ya sa masu injin suka ƙara tsawo har kyamara ta yarda. Na'ura ba ta ƙarya, in ji shi, sai dai mai saita ta.

Mai saitin kuwa ƙanin matarsa ne, wanda kowa ke kira Injiniya. Duk mako yakan ɗauko wani allo mai gidaje baƙi da fari, ya nuna wa kyamarorin ta kowace kusurwa. An riga an gaya wa kwamfuta girman kowane gida, da shi take gane girman duk abin da ta gani.

Manaja ya tara ma'aikata, ya rantse cewa duk wanda laifin ya hau kansa yau zai bar aiki, ko ƙanin waye. Ya ji daɗin yadda maganar ta fita, don shi mutum ne mai son abu ya yi kyau a idon jama'a. Abin da zai tarar a gida, ya bar wa dare.

Ya kira wata ƙwararriya daga waje. Ta duba gilasan kyamarorin, ta duba fitilu, ta bi lissafin Injiniya, ba ta ga aibu ba. Injiniya na tsaye yana kallo. Can ta ɗauki allon, ta yaba firam ɗinsa mai ruwan zinari, ta ɗora masa ma'auni.

"Kowane gida milimita talatin ya kamata ya zama," in ji ta. "Talatin da biyu nake gani. Shi ya sa kyamara ke ganin komai bai kai tsawonsa na gaskiya ba. Wa ya taɓa allon nan?"

Manaja ya juya ga Injiniya, ya gyara murya. Sai sakatariyarsa ta matso da ladabi.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka ce tsohon ya yi datti, a buga sabo kafin baƙi su zo, a ɗan ƙara masa girma ya cika firam."