Aikin Gidan Auta

Malamin lissafi ya juya tafin hannun Auta ya duba, ya sa ta zazzage hannun rigarta. Ba komai. Ya leƙa ƙarƙashin benci, nan ma wayam.

Abin ya ishe shi. Yarinyar nan in aka yi gwaji a aji ba ta faɗuwa ko tambaya ɗaya. Amma aikin gida, inda take da lokaci ga littafi a buɗe, sai ta kawo shirme. An ce x a tara da bakwai ya ba da sha biyu, a aji ta rubuta biyar, a gida ta rubuta sha tara. Kullum kuskuren ɗaya ne, a tsallakar da lamba zuwa ɗaya ɓangaren ba a juya alamarta ba. Ga shafin ya sha gogewa har ya kusa hujewa.

Shi kam ya gama yanke hukunci. Ta gida ita ce Auta ta gaskiya, ta aji satar amsa take yi. Kuma sunanta ne kan gaba cikin waɗanda za su wakilci makaranta a gasar lissafi. Ya ɗauki mai satar amsa ta je ta kunyata shi a gaban jama'a? Allah ya sawwaƙe!

Ya raba ta da ƙawarta, ta cinye gwajin. Ya dawo da ita gaban teburinsa ya kafa mata ido ko ƙiftawa babu, ta sake cinyewa. Washegari aikin gida ya zo da shirmensa kamar kullum.

"Wa ke ba ki amsa?"

"Ba kowa, Malam."

"To a gida me ke hana ki iyawa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Gobe ki zo da babanki, in ba haka ba na soke sunanki daga gasa."

"Malam, don Allah mamata dai ta zo."

Ashe akwai abin da take ɓoyewa! "Babanki na ce."

Uban kafinta ne. Ya zo cikin rigarsa mai kyau, da sauran garin katako a gemu, ya gaida Malam hannu biyu. Malam ya baje aikin gidan a kan tebur yana shirin fara magana. Auta na tsaye a bakin ƙofa, ido cike da hawaye, tana girgiza wa Malam kai a hankali.

Fuskar kafinta ta washe. Ya shafa shafin da babban yatsansa.

"Ka ga aikinmu ko, Malam? Ni ban yi nisa a boko ba, amma lissafi bai gagare ni ba. Yarinya ce, sai kuskure, shi ya sa kullum in na rufe shago nake zama in gyara mata amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa, Allah ya yi mata albarka, ba ta taɓa yi mini musu ba."