Shekarar Yaƙin Bama

"Wannan kilasmet ɗina ne, wancan kolig," in ji Darakta, yana gabatar da baƙin walimarsa a Unguwar Dosa ga shugaban kwamitin da ke sallamar ma'aikatan da suka tsufa.

Sai ga wani tela daga Unguwar Shanu, kai fari fat, ya rungume shi.

Darakta ya zame jiki. "Wannan kuma... wani dattijo ne daga garinmu."

"Dattijo? Kai, ɗan nema! Ni ban samu sunan Turancin ba?" Tela ya juya ga shugaban. "Ranka ya daɗe, tsarana ne. Rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, shekarar da aka kwashi sojoji zuwa yaƙin Bama. Shi ya fi kowa ihu!"

Shugaban ya ajiye kwalbar lemo a hankali. A fayil dai, sai bayan yaƙin da shekara uku aka haifi Darakta.

Ran Litinin takardar ritaya ta iso. Kilasmet da kolig suka ɗauke ƙafa.

Tela kaɗai ya zo jaje, ya shimfiɗa tabarma ya zauna.

"To tsara, yanzu me ake ce mini da Turanci?"