Rufin da Ba Ya Ƙara

Shekarar da gwamnati ta kwashe rufin kwano a garin, ta ba kowane gida tallafin sabon rufi mai kauri, ɗakuna suka yi sanyi kamar randa, suka kuma yi tsit. Sharaɗin ɗaya ne: ƙofa ta zauna a rufe kada sanyi ya fita, in ba haka ba a janye tallafin.

Malam Ɗanjuma ya makance, ciwo kuma ya kwantar da shi. Kullum tambayarsa ga matarsa ɗaya ce.

"Tabawa, har yanzu ruwa bai sauka ba?"

Ran nan da la'asar Tabawa ta shigo, zaninta ya jiƙe sharkaf.

"Malam, ana ruwa."

Ya daɗe yana kasa kunne. "Kada ki lallashe ni kamar yaro. Da ana yi, da na ji."

Tabawa ta dubi rufin, ta ja tsaki, ta wangale ƙofa. Nan take akwatin da gwamnati ta kafa a bango ya soma magana da muryar nan tasa mai ladabi: "Don Allah a rufe ƙofa." Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ɗauko kwanon tuwonsa ta kife a tsakar gida, ruwa ya fara bugunsa.

Tsohon ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Fito da iri, gobe sai gona."

Gonar kuwa tun bara aka rufe ta da farantan sola. Tabawa ta share ido da bakin zani.

"To, Malam. Gobe da sassafe."