Makirfon da Aka Hura a Gaban Mai Garaya

Akwai mutumin da ya kashe waƙa a garin nan, kuma yana nan yana yawo da jakar wayoyi a kafaɗa, ana ce masa injiniya yana amsawa. Ba zan kama sunansa ba, irinsa sun cika gari. Kai da ka zo tambayar wane makirfo mai sauƙin kuɗi za ka saya, zauna ka ji yadda ya yi, in ya so ka tafi kasuwarka.

Mai ɗaukar sauti ne, da gidan biki ya saba, inda ake kwarara ihu a makirfo ana bubbuga shi kamar ƙofar kurma. Sai ga aikin da ya fi ƙarfin biki ya same shi. Wani tsohon makaɗin garaya, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa maharba kirari, ya ce ya tuba da kiɗa. 'Yarsa ta roƙe shi ya yi zama na ƙarshe a ɗauka, don jikoki su san muryar kakansu. Tsoho ya yarda, amma ya ce zama ɗaya ne, babu maimaici, yana gamawa zai yanke tsirkiya.

Mutumin namu ya ji ana cewa ba abin da ke kama tsirkiya da tsohuwar murya kamar makirfon da ake kira ribon, mai kunne biyu, ɗaya na jin dama ɗaya na jin hagu, har mai saurare ya ji kamar a ɗakin yake zaune. Gaskiya aka faɗa masa. Ya samu mai araha, kuma makirfon ba shi da aibu, araha ba zunubi ba ce. Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne, a cikin kowane kunne wani falle ne na ƙarfe wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba, iska kaɗan ke lalata shi, sautin da yake bayarwa kuwa raɗa ce kawai. Dole a haɗa shi da akwatin da ke ɗaga sauti, wanda 'yan sana'a ke kira firiyam, mai ƙofa biyu, ɗaya don kowane kunne, mai ƙarfin da zai ɗaga raɗar nan sama ba tare da ya cika ta da ƙara ba. Mai shago ya ce masa ya kawo akwatinsa a gwada su tare kafin ya tafi. Mutumin namu ya harare shi. Shi za a koya wa aiki? Na bikin da yake da shi a gida ya isa. Ya kai makirfo gida, ya ɗauke shi hoto ya baza a waya ana yi masa barka, ya mayar cikin kwali. Kwana da kwanaki, ko sau ɗaya bai jona shi ba.

Ranar zama ta zo. Aka share zaure, tsoho ya hau buzunsa ya rungume garaya, tsofaffin maharba suka jeru jikin bango. Sai a lokacin mutumin ya jona wayoyi, ya sa abin saurare a kunne. Shiru. Ya murɗa maɓalli, shiru-shiru. Ya murɗa har ƙurewa, sai shuuu, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. A nan ne ya kamata ya buɗe baki ya ce a ɗaga zaman nan zuwa jibi, ba wanda zai yanka shi. Ina, girman kai ya hana. Sai ya yi abin da bakinsa ya saba a gidan biki, ya kai leɓe jikin makirfo ya hura da ƙarfi, fu, fu, ya bi shi da ƙwanƙwasa. Nan take kunnen hagu na makirfon ya mutu, kuma ya san ya mutu.

Tsoho ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, wuta kake hurawa ne, ko mu fara?"

Ya ce, "Bismillah Baba, komai daidai."

Wannan ƙaryar ce ba zan yafe masa ba. Tsoho ya kaɗa garaya, ya kira mazan da suka daɗe a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, da dajin da kowa ya shiga da naman da ya kayar, har wani dattijo a jikin bango ya rufe fuska da hula. Da ya kai ƙarshe ya zaro wuƙa ya yanke tsirkiya, ya ce alhamdu lillahi.

Da 'yar ta zo jin abin da aka ɗauka, mutumin ya sa mata abin saurare a kunne yana kallon ƙasa. Ɓangare ɗaya shiru kamar kabari, ɗayan ruwan sama, can ƙarƙashin ruwan wani abu yana kuka kamar sauro. Ta saurara, ta saurara, ta ce, "Malam, ina Babana a nan?" Maimakon ya ce laifinsa ne, sai ya hau zagin kayan zamani, wai araha ce ta cuce shi. Suka koma wa tsoho da roƙo, ya ce da Allah ya yi alkawari, ba zai tuba sau biyu saboda injiniya ba.

To ka ji. Sayi mai araha in shi aljihunka ya kai, amma ka saye shi tare da akwatin da zai iya ɗaukarsa, ka gwada su a ɗakinka da muryarka tun babu wanda ke jiranka, ka kuma kawar da bakinka daga jikinsa. Hausawa sun gama magana tun kafin a ƙera makirfo, suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. In kana ganin ƙarya suka yi, je ka nemo mini muryar tsohon nan, sannan ka dawo ka musa.