Lita Biyun da Saniyata Ta Ƙara

Na tura wa likitan dabbobi littafina. "Karanta da kanka, ɗana. Nonon lita huɗu ya koma shida."

Wata biyu ke nan da ya ce babbar saniya ba ta buƙatar ƙarin sinadarin ƙarfe, wai na ciyawa ya ishe ta. Ni da na shekara talatin ina koyar da kimiyya, ba na haɗiye magana don mai farar riga ya faɗa. Na samo hodar sinadarin, ina barbaɗa mata a dusa, matar ɗana tana tatsa, ina rubutawa.

Ko kallon shafin bai yi ba. Ya wuce inda ɗan maraƙin saniyar yake kwance, haƙarƙari a waje, ya ɗaga masa leɓe. Dasashin fari fat, alamar ƙarancin jini.

"Wa ke tatsa?"

Matar ɗana ta sunkuyar da kai. "Mama, kullum sai kin leƙa bokitin nan da ɗoki. Da na ga nonon bai ƙaru ba, sai na riƙa tatsewa har da rabon maraƙin."

Na rasa inda zan sa idona.

Likitan ya miƙo hannu a hankali. "Malama, kawo hodar. Ga mai buƙatarta nan kwance."