Jan Buhu da Shuɗin Buhu

Motar ta sauke buhunan a ƙofar gidan Mai-unguwa Nababa, rabi masu jan fenti, rabi masu shuɗi. Shekarar ce da kwanon gero ya gagari talaka a ƙasar Kunci, yaran Tudun Marke duk sun koma kai da ciki.

Likita Kamilu ne ya kawo buhunan daga jami'a. Shekaru ya yi yana haɗa wani garin kunu mai sinadarin gina jiki, ga shi kuma ya samo wata ƙungiya da ta ce in bincike ya nuna yana aiki, za ta ciyar da yaran yankin gaba ɗaya har kaka. In bai nuna ba, kowa ya kama gabansa.

Tsarin mai sauƙi ne. An yi ƙuri'a, wasu gidaje su karɓi ja, wasu shuɗi. Ɗaya ne mai sinadarin, ɗaya garin gero ne zalla, launi da ɗanɗano iri ɗaya. A ƙarshe a auna yaran a ga wa ya fi. Wannan bayani dai a kan likita ya tsaya, don a ganinsa mutumin ƙauye da ya sani zai ɓata bincike.

"Baba, kai dai ka raba yadda aka tsara," ya ce. "Kada ka tambaye ni bambancinsu."

"Ai ba sai na tambaya ba, Likita," in ji Nababa.

Ba a yi kuskuren zaɓen mai rabo ba. Nababa mutum ne da in yana kasa naman watanda sai mahauci ya gaji ya zauna, don tsoka ɗaya ba ta isa ta fi 'yar'uwarta ba. Jikokinsa ma ƙuri'a ta raba su, wasu ja wasu shuɗi, bai yi ƙorafi ba. Ya sa aka jibge buhunan a zaurensa, ya aro babbar tabarmar masallaci, ya hana kowa shiga.

Duk zuwan likita sai ya tarar da dattijo yana dafe ƙugu, gemunsa fari fat fiye da shekarunsa. Bakin kowane buhu a ɗinke tsaf da igiyar kaba. Likita ya yaba ƙwarai, har ya ce da ma'aikatan ofishinsa na da rabin amanar nan da tuni ya zama farfesa.

Yara kuwa suka fara murmurewa. Kumatu suka dawo, masu kwanciya suka tashi suna bin akuya da gudu. Nababa yana kallonsu daɗi kamar ya kashe shi.

Da aka gama awo likita ya koma birni, ya duba, ya sake dubawa. Sannan ya dawo Tudun Marke fuska ba walwala, ya zauna a dakalin ƙofar gida.

"Baba, babu bambanci. 'Yan ja da 'yan shuɗi ƙibarsu ɗaya, ko ƙwayar gero ba wanda ya fi wani. Ƙungiya ta ce sinadarina bai ƙara komai ba, sun janye."

"To yaran fa? Kaka da saura!"

Likita ya miƙe. Ya shiga mota idonsa jajur.

Nababa ya daɗe yana kallon hanya, zuciyarsa ta yi baƙi. Tasi'u ladan ya zo ya zauna kusa da shi yana ba shi haƙuri.

"'Yan boko ba su da kirki, Tasi'u," ya ce. "Tun ranar farko na gane ɗaya ne mai maganin. Ƙuguna ya kusa karyewa ina juye ja da shuɗi a tabarma ɗaya ina gaurayawa, don kada ɗan wani ya fi ɗan wani, shi ne za a saka min da haka?"